Ƙarfe Goma Agogon Wa?

Lahadi: fita daga Kumba

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka rufo ƙofa, ni da 'yata Jamila da babanta. Shi ya saɓa ta a kafaɗa, ni na rungume jakar takardun asibiti kamar wani zai fizge. Jamila shekarunta biyar, da ciwon zuciya aka haife ta. In ta yi taku hamsin sai ta tsuguna tana haki, leɓɓanta su yi duhu, sai ta huta sannan ta miƙe. Saboda ita aka yi wannan tafiya, kuma na rubuta ne don 'yan'uwa da maƙwabta da suka dame ni da tambaya, na gaji da maimaita labari ɗaya baki da baki.

Akwai wata ƙungiyar likitoci a Faransa da ke ɗaukar yara irin Jamila a yi musu aiki kyauta. Likitan da ke duba ta ne ya aika musu takardunta. A farkon watan Janairu sun yi magana da mu ta kiran bidiyo, ƙarfe goma na safe, a wani shagon intanet na nan Kumba, suka ce a sake hoton zuciya kafin su yanke shawara. Ba a kai ga sake hoton ba aka katse intanet a duk yankinmu na masu Ingilishi a Kamaru, saboda rikicin nan namu da gwamnati da kowa ya sani. Daga nan 'yar kawuna Hadiza, wadda ke aiki a wani ƙaramin ofis a Duwala, ta zama idonmu da kunnenmu: ita ke karɓar saƙo, ta buga mini waya. Ranar Alhamis ta kira ta ce babban likitansu zai ga yarinyar da idonsa ranar Litinin ƙarfe goma, ta kwamfutar ofis ɗinsu. Rabin awa aka yanka wa kowane yaro. Wanda aka kira bai amsa ba, takardarsa ta koma ƙasan tari. Likitanmu kuwa ya riga ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa Jamila ba ta da wata shekarar jira.

Litinin a Kumba ranar zaman gida ce ta dole, ko keke ba ya motsi, don haka Lahadi ce ranar fita. A tasha na biya kujera biyu, sefa dubu biyu da ɗari biyar kowace, don yarinya ta samu wurin miƙewa. Motar mai cin mutum goma sha takwas ce, amma ba ta cika ba sai bakwai da minti goma. Baban Jamila ba zai bi mu ba, ga shagon ɗinki ga yayyenta biyu. Tun daren jiya ya karɓi wayata ya goge duk wani saƙo da hoto da wani ya taɓa turo mini kan rikicin, har da waɗanda ban taɓa buɗewa ba. Ya tsaya jikin taga har mota ta tashi, bai ce komai ba sai “Allah ya kai lafiya”.

Muyuka zuwa Mutengene

Daga Kumba zuwa Duwala kilomita ɗari da arba'in ne ko kusa da haka, tafiyar da a da ake yi a awa uku. Ran nan shingen jami'an tsaro huɗu muka ci karo da su kafin Mutengene. A kowanne sai kowa ya sauko, katin ɗan ƙasa a hannu, a taka a wuce shingen, mota ta biyo baya. Ni da goyo nake takawa, don ba zan bar Jamila ta tsuguna a gaban masu bindiga ba.

A na uku, bayan Muyuka, ƙarfe takwas da arba'in, wani jandarma ya karɓi wayata ya yi ta latsawa. Ya tambaye ni da Faransanci abin da zai kai ni Duwala. Na gode Allah da a unguwar New Bell ta Duwala aka haife ni, a can na yi makaranta, don haka na amsa masa da harshen da ya fi so, na miƙa takardun asibiti. Bai karanta ba. Ya kama hannun Jamila ya dubi farcenta, waɗanda suka yi shuɗi-shuɗi, ya mayar mini da waya ya ce mu wuce. Wasu samari biyu da muka taso tare kuwa a nan muka bar su, ban san yadda suka ƙare ba.

A Mutengene direba ya tsaya minti goma. Na sayi ayaba da dafaffen ƙwai da ruwan gora, Jamila ta ci rabin ayaba ta ture sauran. Wata mai gasa masara ta dube ta ta ce mini, “Ashiya, mami,” wato sannu, ta ƙi karɓar kuɗin masara ɗaya.

Gadar Mungo

Ƙarfe goma da kwata muka haye gadar Mungo, iyakar yankinmu da na masu Faransanci. Ba mu yi nisa ba wayoyi suka fara kuka gaba da baya, saƙonnin wata biyu suna zubowa lokaci guda. Tun a Tiko mutane suka sayi data suna jiran wannan wuri, ni ma na sayi ta sefa ɗari. Cikin abin da ya shigo mini har da wasiƙar ƙungiyar, wadda Hadiza ta turo tun Alhamis. Na karanta ta da kaina karo na farko. Ga ranar, ga ƙarfe goma, sannan ga wasu kalmomi uku da Hadiza ba ta faɗa mini a waya ba: *heure de Paris*. Agogon Paris.

Da farko ban ɗauke shi komai ba. A Janairu ma ai ƙarfe goma suka ce, ƙarfe gomanmu kuma suka kira. Amma ni mace ce da abu ƙarami kan tsaya mata a wuya, sai na nuna wa mutumin da ke gefena, wani malamin makaranta da yajin aiki ya zaunar. Ya ce shi dai saninsa Faransa na gaba da mu da awa ɗaya, haka yake gani in ana ƙwallo. Wata 'yar kasuwa a kujerar gaba ta juyo ta ce ƙarya ne, 'yarta na can, ko makon jiya sun yi waya, agogonsu ɗaya. Direba, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce Turai ai baya take da mu, shi ya sa rana ke makara a can. Malamin ya duba wayarsa, ya ga wani shafi ya rubuta cewa Paris na gaba da agogon duniya da awa ɗaya, daidai da Kamaru, sai ya ce to ƙila shi ne ya manta.

Ƙarfe tara, ƙarfe goma, ƙarfe goma sha ɗaya: amsa uku a mota ɗaya. Na dubi Jamila tana barci a cinyata.

New Bell

Cunkoson gadar Wouri ya cinye mana minti arba'in. Mun sauka a Deido, muka ɗauki tasi, sha biyu da minti ashirin muna ƙofar gidanmu a New Bell. Unguwar na nan yadda na bar ta, kwata a tsakiyar lungu, ƙamshin suya, rediyo uku daga shago uku kowanne da yarensa. Yayana Sabo, mai sayar da atamfa a kasuwar Mboppi, shi ya tare mu. Matarsa ta kawo miyondo, wato kwaɓin rogo da aka dafa a ganye, da gasasshen kifi, amma ban iya kai loma uku ba. Na miƙa masa wayar na ce ya karanta.

Yaya Sabo mutum ne da bai taɓa cewa “ban sani ba” tun da na buɗi ido na gan shi. Ya yi dariya, ya zaro wata ƙatuwar waya mai ruwan gwal, ya nuna mini jerin agogon garuruwa a ciki: Dubai, wani gari na Sin inda kayansa ke fitowa, da Paris. Na Paris da na Duwala duk ɗaya saura minti goma suke nunawa.

“Ga shi da idonki,” in ji shi. “Ke matsalarki tun kina ƙarama ke nan, ki ga hanya a miƙe ki ce sai kin nemo kwana. Ci abinci.”

Na so in yarda da shi, wallahi na so. Na kira Hadiza don ta kwantar mini da hankali, wayarta a kashe. Sai matar Yaya ta ce ai Hadiza ta tafi bikin wata ƙawarta a wani ƙauye gaba da Yawunde tun Juma'a, ta ce za ta hau motar ƙarfe biyar na asubahin Litinin, tara da rabi tana ofis, da sauran rabin awa a hannu. Ofis ɗin nasu su uku ne, maigidan ya yi tafiya, makulli na jakar Hadiza. Asusun da za a kira ma nata ne, ita kaɗai ta san kalmar sirrinsa. Na yi lissafi a raina: in goman Paris taranmu ce, to tara da rabi an riga an rufe littafinmu.

Na buga lambar ƙungiyar da ke ƙasan wasiƙar. Na'ura ce ta amsa, ta ce ofis na buɗewa Litinin zuwa Juma'a daga ƙarfe tara. Ita ma ba ta ce taran wa ba.

Ƙarfe uku, da wuta ta dawo, na bar Jamila wajen matar Yaya na taka zuwa shagon intanet na bayan masallaci. Sefa ɗari biyu rabin awa. Na rubuta tambayata da Faransancina na 'yar aji uku, shafuka suka fito rututu. Wani ya ce Paris awa ɗaya gaba da agogon duniya. Wani ya ce awa biyu. Wani ya kawo dogon bayani kan agogon bazara da agogon hunturu, da ranakun wata shekara da ta wuce. Akwai wanda ya zana agogo yana tafiya ya ce wannan ne lokacin Paris a yanzu, na yi murna, sai na lura yana cewa ƙarfe biyu na dare. Mai shagon, wani dattijo Bafulatani, ya ce kada in kula, batirin cikin kwamfutar ne ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai ta koma tsakar daren wata tsohuwar shekara, shafin kuma daga ita yake lissafi. Na tambaye shi ko za a iya kiran bidiyo a nan gobe da safe. Ya ce kyamararsa ta lalace tun azumi, kuma shi ba ya buɗewa sai tara ta gota.

Na fito kaina ya fi yadda na shiga da shi nauyi. Ban rasa amsa ba, yawa suka yi mini, ban san wadda zan ɗora ran 'yata a kai ba.

Rediyon Kawu

Da na dawo muka kaure da Yaya Sabo a zaure. Na ce wayarsa ba wahayi ba ce, ya ce ni kuma Kumba ta mayar da ni mai gardama kamar lauya. Muryarmu ta kai waje, inda Kawu Ɗanladi, ƙanen mahaifiyarmu kuma mahaifin Hadiza, yake zaune a bencinsa bayan la'asar. Kawu ya yi shekara talatin yana gadi a tashar jiragen ruwa. Yanzu kunne ɗaya ya yi nauyi, ɗayan kuma kullum a manne yake da wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure bayanta da roba. A gidan ana gaishe shi, ana kai masa abinci, amma kunya nake ji in faɗa, ba wanda ke tambayarsa komai. Ni ma da na iso gaisuwa kawai na yi na wuce.

Ya ɗaga labule da sandarsa ya ce, “Rakiya, zo ki zauna. Saura minti shida.”

Na ce minti shida na me, Kawu? Ya cire agogon hannunsa ya ɗora a gwiwa, ya murɗa rediyon zuwa wata tashar Faransa da yake saurare. Muka zauna, ni a ƙasa, Yaya a tsaye yana kaɗa makullin babur. Agogon Kawu na kai wa biyar cif aka yi ƙarar nan ta farkon labarai, mai gabatarwa ya ce da Faransanci ƙarfe goma sha takwas ne a Paris, goma sha shida agogon duniya.

Kawu ya rage murya ya nuna mini fuskar agogonsa da farce. Biyar, wato sha bakwai. Su sha takwas.

“Jiya ratar da ke tsakanin lambobin nan biyu awa ɗaya ce,” in ji shi. “Yau da asuba na ji ta zama biyu. Cikin daren jiya suka tura agogonsu gaba. Haka suke yi duk shekara, in ruwa ya fara sauka a nan su tura, in ya kusa ɗaukewa su dawo. Agogon duniya ba ya motsi, mu ma ba ma motsi, kullum awa ɗaya muke gabansa tun ina saurayi. Su ne masu tsalle.”

Sai komai ya zauna mini daram. 'Yar kasuwar nan ta mota gaskiya ta faɗa, makon jiya agogonmu ɗaya. Malamin ma gaskiya ya faɗa, ƙwallon damina yake tunawa. Kiran Janairu ya zo daidai ne don lokacin hunturunsu ne. Mu duka mun riƙe rabin gaskiya muna rantsuwa a kai, kuma a duk ranakun shekara sai aka sa mana Litinin ɗin da ta biyo bayan daren canjin.

Yaya Sabo ya sake zaro wayarsa ya ce amma ga shi nan a rubuce. Kawu ya dube ta sau ɗaya ya ce wannan wayar ai a Mboppi aka haife ta, ba ta taɓa zuwa Paris ba. Ko a cikin tashin hankalin sai da dariya ta ƙwace mini. Muka jira labaran ƙarfe shida don Yaya ya gamsu, aka sake faɗin haka: sha tara a can, sha bakwai agogon duniya. Sai Yaya ya fara neman lambar duk wanda ya san ƙauyen da ake bikin. Mun aika saƙo ya fi goma, ba wanda ya shiga.

Litinin: Akwa

Biyar da minti ashirin na asuba wayar Hadiza ta shiga. Tana cikin mota, sun baro Yawunde. Na ce mata ƙarfe tara ne, ba goma ba. Ta yi salati, ta ce da Faransanci, agogon bazara, ta manta sam. Ta karanto mana kalmar sirrin muka gwada shiga asusun a wayar Yaya, ta ƙi, tawa kuwa ko ɗaukar manhajar ba ta iya ba. Ba abin da ya rage sai makullin da ke jakarta, kilomita ɗari biyu da wani abu daga inda muke.

Ƙarfe bakwai muka bar New Bell a tasi, ni da Jamila da Yaya Sabo, wanda ya ƙi buɗe shago ran nan. Bakwai da ashirin da biyar muna ƙofar benen da ofis ɗin Hadiza yake, a unguwar Akwa. Mai gadi ya ba mu benci a ƙarƙashin rumfa. Sai ruwa ya kece, irin na Duwala da ba ya sallama.

Takwas daidai na sake buga lambar Faransa. Mutum ce ta ɗauka. Sun buɗe, wato tara ta yi a can, kuma in da sauran shakka a raina a nan ta mutu. Na gaya wa matar halin da muke ciki, na roƙe ta a ɗaga mana ko da rabin awa. Ta saurare ni da kirki, ta ce yara shida likitan zai gani a jere, daga nan ya shiga ɗakin tiyata, ba ta da ikon taɓa jerin. Namu daga tara ne zuwa tara da rabi agogonmu, za ta yi ta kira har lokacin ya cika.

Hadiza na ba mu rahoto zango-zango. Sun wuce Edea bakwai da kwata. Takwas da ashirin suna Yassa, bakin gari. Takwas da talatin da biyar ta kira ta ce sun maƙale a Ndogpassi, manyan motoci sun toshe hanya gaba da baya, ruwa ya cika titi. Duk wanda ya san mashigar Duwala ta gabas ranar Litinin ya san mota kan yi awa biyu a wurin ba ta yi tsawon zani ba.

Yaya ya fizge wayar ya ce, “Sauka ki hau bensikin. Bar akwatin, ni zan je in karɓo. Makullin kawai.”

Bensikin shi ne ɗan acaɓanmu na Duwala, kuma Hadiza ta rantse tun wani haɗari da ta gani ba za ta ƙara hawa ba. Ta hau.

Jamila na zaune a cinyata tana ƙirga motocin da ke wucewa, ta kai goma ta koma ɗaya. Tara saura biyar. Tara. Na san a wannan daƙiƙar wata kwamfuta a kashe a bene na biyu ake kira, ni kuma ina zaune ƙarƙashinta da yarinyar a hannu, tsakaninmu ƙofar ƙarfe ɗaya. A rayuwata ban taɓa jin takaici irin na wannan lokaci ba. Na shirya wa Hadiza maganganu masu zafi a raina, na jera su ɗaya bayan ɗaya.

Tara da minti tara babur ya yi burki a gabanmu. Ta sauko jiƙe sharkaf cikin ankon biki, laka har gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya, salansar babur ta ƙona mata ƙwauri. Duk abin da na jera ya watse. Yaya ya sunkuci Jamila, muka haye bene a guje. Kwamfutar ta ɗauki minti huɗu tana farkawa, Hadiza ta yi kuskuren kalmar sirri sau biyu. Da asusun ya buɗe muka ga kira uku da suka wuce. Tara da minti goma sha shida na huɗu ya shigo.

Likitan dattijo ne mai tabarau, bai ɓata lokaci a gaisuwa ba. Ya ce a ɗaga hannun yarinyar kusa da kyamara, ya dubi farce, ya dubi leɓe. Ya tambaye ni sau nawa take suma a wata, na faɗa. Sannan ya ce ta taka zuwa bango ta dawo, sau uku. A zuwa na biyu Jamila ta tsuguna a tsakiyar ofis tana haki, tana kallona ko ta yi laifi. Shekara biyar ina addu'ar kada in ga wannan tsugunon, ran nan kuwa na gode Allah da ta yi shi a gaban wanda ya kamata ya gani. Likitan ya juya ya yi magana da wani da ba ma gani, ya dawo ya ce za su ɗauke ta, kuma ba za a jinkirta ba. Agogon bango na nuna tara da ashirin da takwas.

Matar da na yi waya da ita ta karɓi sauran minti biyun. Ta lissafa takardun da za a nema, sannan ta tuna mini cewa yaran su kaɗai suke tafiya, da 'yar rakiya ta ƙungiyar, su zauna wajen wani iyali a can wata biyu ko fiye, iyaye ba sa bi. Sun faɗa mini haka tun Janairu, kunnena ne ya ƙi riƙewa. Na ce na ji, na yarda. Allon ya yi duhu. Hadiza na kuka tana ba ni haƙuri, Yaya na ta hamdala.

Laraba: komawa gida

Talata ba mu tabbatar hanya a buɗe take ba, sai muka kwana biyu. Na wanke wa Hadiza ƙunarta da hannuna. Na durƙusa gaban Kawu na yi godiya, ya ce in tashi, shi ba abin da ya yi sai zama. Yaya Sabo ya je har tashar da motocin Yawunde ke sauka ya karɓo akwatin, ya kuma yanko wa Jamila atamfa turmi guda, wai a ɗinka mata na zuwa Turai.

Laraba shida da rabi muka bar New Bell, bakwai da kwata motarmu ta tashi daga Bonaberi. Muna haye Mungo wayoyi suka yi tsit. Shinge biyar wannan karon, amma ba a tsare kowa ba. Sha biyu saura ashirin muka sauka a Kumba, Baban Jamila na tsaye a tasha da zaren awo a wuya, ya manta bai cire ba. Ya riga ya ji albishir ta waya. Abin da ban faɗa masa ba sai da muka shiga gida shi ne ita kaɗai za ta tafi. Ya daɗe yana kallonta tana nuna wa yayyenta atamfar, sannan ya ce to, a auna ta.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina godiya ga Kawu Ɗanladi, da Hadiza, da Yaya Sabo da iyalinsa, da maƙwabtan da suka riƙe mini yara, da mai masarar Mutengene da ban san sunanta ba.

Takardu sun ci wata biyu da rabi. Yau kwana tara ke nan da na miƙa Jamila ga wata mata da ban taɓa gani ba a filin jirgin Duwala, sanye da rigar da babanta ya ɗinka, ba ta yi kuka ba sai da ta ga ban biyo ta ba. Jiya suka aiko cewa ranar Alhamis za a shiga da ita ɗakin tiyata, ƙarfe takwas na safe agogon Paris. Duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, ina roƙonsa don Allah ya ɗaga mata hannu a wannan sa'a. Ƙarfe bakwai ne namu. Kada ku jira takwas.